Ɗoɗɗoyar Bakin Rijiya

Daga fadamar garinsu, Gwangwan, Inna, mahaifiyarmu, ta tono ɗoɗɗoyar da saiwarta, shekarar da aka yaye ƙanena. Ta dasa ta bayan rijiyar gidanmu a Kurugu, inda ruwan guga ke zuba, ƙasar ba ta bushewa ko da bazara. Kullum takan tsuguna ta cire mata ciyawa, ta tsinke kanta don ta yi rassa. Da ta fitar da 'yan fararen furanninta sai zuma ta gano wurin. Tun hantsi ake jin kukanta.

Baffa, yayan mahaifinmu, shi ne maigida. Ganin haka ya ɗaura amya biyu a ɗorawar bayan danga. Shekara biyar yana shan zuma yana yi wa malaman gari kyauta, ana sa masa albarka. Kabewarsa ma ta riƙa yin 'ya'ya fiye da ta kowa. Inna kuwa ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya ake miƙo mata.

Wata Talata duba-gari ya zo daga Karaye a kan keke. Ya leƙa randunanmu, ya zaga ya tsaya a bakin rijiya. Ya ce wannan duhuwa gidan sauro ce, kuma maigida zai amsa a gaban alƙali. Kowa a gidan ya san da ganyen nan muke turara ɗaki mu kori sauro.

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, shirmen mata ne. Na sha hana ta."

Bai taɓa hana ta ba. Na dubi mahaifinmu, ya sunkuyar da kai. Aka kira Inna, ta fito da lulluɓi ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta tuttuge shukar da hannunta suna tsaye. Ni na kwashe na kai juji, ina 'yar shekara goma.

Kafin shekara ta zagayo amya ɗaya ta zama kango, ɗayar ba ta ba da abin kirki ba. Baffa ya bi gari yana cewa bakin Inna ne ya kori zumarsa. Har ta rasu wasu matan unguwa ba sa bari ta ɗauki jariransu.