Mikail Mai Rage wa Waya Kaya

Tun kafin rikicin tada ƙayar baya Mikail yake gyaran waya a Kasuwar Kwastam, cikin wata 'yar rumfa mai benci ɗaya. A lokacin, gwanintarsa ita ce cika waya da kaya. Samarin unguwar Bolori kan kawo tasu ya zuba musu waƙoƙi da wasanni da hotuna masu motsi, har wayar ta riƙa tsayawa.

Da ƙauyuka suka watse, jama'a suka kwararo cikin gari, sai masu zuwa rumfarsa suka canza. Cikinsu akwai Ya Falmata, wata dattijuwa da ta samu ɗaki a unguwar Galtimari. Ɗanta Ba'ana, direban tirela a Legas, ya aiko mata da waya mai shafawa. Ta kwanto ta daga bakin zaninta, ta ce da 'yar Hausarta wayar ta lalace, tana kuka amma ba ta ɗaukuwa.

Mikail ya duba, ya ga lafiyarta ƙalau. Sai ya kira lambar, ya zuba wa hannun tsohuwar ido. Ita dannawa take yi da ƙarfi, wayar kuwa ja take so. Ya nuna mata, ta ce ta gane. Ba a jima ba ta dawo, ta taɓo wani abu ta rasa yadda za ta fita.

Wannan karon bai koya mata komai ba. Ya tambaye ta su wa take kira, ta ce mutum biyu ne, Ba'ana da 'yarta Zainaba wadda ta tsallaka Nijar da mijinta. Ya kwashe duk abin da ke fuskar wayar, ya gyara ta yadda dannawa ɗaya za ta ɗauki kira. Da yake ba ta karatu, ya sa hoton Ba'ana babba a sama. Na Zainaba ne babu.

"Iya, to me zan sa a wurinta?"

Ta zare wani zoben azurfa daga yatsarta. "Nata ne, ɗana. Ɗauki hotonsa."

Ya ɗauka ya sa. Ta danna zoben, kira ya shiga. Ta gyara zama a benci tana ta hira da Kanuri tana dariya, shi kuma ya koma kan aikinsa.

Daga nan tsofaffi suka riƙa turo juna wurinsa. Wata ta ce a sa mata hoton akuya a madadin ƙaninta mai kiwo, wani malami ya ce a bar masa kira da tocila kawai. Maƙwabtansa na kasuwa suna yi masa ba'a, wai kowa na ƙara wa waya kaya shi yana ragewa. Yakan yi murmushi ya ce ai masu ita ba su yi ƙorafi ba. Da la'asar yakan rufe da wuri saboda shingayen sojoji, ya saya wa yaransa ƙosai, ya nufi gida.