Kujerar Lado a Gindin Gwaggo

Idan ka tambayi mutanen Dutsin-Ma wane ne Alhaji Lado Darakta, wasu za su nuna maka gida mai koren ƙyaure a kan hanyar Kurfi, wasu kuma su ce su ba su san wani Darakta ba, Kwamared Lado suka sani. Mutum ɗaya ne, shekaru ne suka raba sunayen.

A Kurfi aka haife shi, ɗan manomin gero da wake. Noma bai karɓe shi ba, shi ma bai karɓi noma ba, don haka yana da shekara ashirin ya taho Dutsin-Ma ya kama dako a kamfanin gyaran shinkafa na Alhaji Mutawakkil. Ƙarfinsa ba wani na a zo a gani ba ne, amma Allah ya ba shi baki da taurin kai. Tun yana ɗan dako, in manaja ya yi wa wani tsawa, Lado ne zai ajiye buhu ya tambayi dalili.

A tsakiyar kamfanin akwai babbar tukunyar tururi da ake turara shinkafa da ita, ana hura mata wuta da ɓuntu. Ma'aikata na kiranta Gwaggo saboda yawan gunaguninta. Mai hura mata wuta shi ne Badamasi, shi ma ɗan Kurfi, abokin Lado tun suna kiwon awaki. Badamasi ba ya karanta takarda, amma in ya karkata kunne ya saurari Gwaggo zai gaya maka lafiyarta.

A shekarar 2008 aka yi wa tukunyar walda a gefe, aka kunna ta da gaggawa ba wanda ya duba. Ɗinkin ya buɗe. Tururi ya kama wani ma'aikaci ɗan Karofi mai suna Yazid, ya yi kwana uku a asibiti ya cika. Lado ne ya ɗauko shi daga gindin tukunyar, kuma har yau in ya ji ƙaurin fata mai ƙuna sai ya tashi daga wurin. Ranar da aka yi addu'ar uku ya tara ma'aikata suka kafa ƙungiya, suka zaɓe shi shugaba, suka shiga yajin aiki. Kwana goma sha ɗaya ba a ga hayaƙi a kamfanin ba.

Abu biyu ya fito da su daga wannan yajin. Na farko, aka ba Hafiza, matar marigayin, rumfar sayar da abinci a bakin ƙofa. Na biyu shi ne dokar da ta yi wa Lado suna: duk lokacin da aka taɓa Gwaggo da gyara, ba za a fara aiki ba sai shugaban ƙungiya ya duba da idonsa, sannan ya zauna a gindinta awa ɗaya cur ana hura wuta. In ya yarda da gyaran, to ya sa ransa a kai. Aka haɗa masa wata kujera da ragowar ƙarfe, mummuna, mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana hawanta. Sau huɗu ya ƙi zama, sau huɗun nan kuwa sai da aka sake gyara. Mutane suka riƙe abu ɗaya a zuciya, cewa in Lado ya zauna, to lafiya lau.

Alhaji Mutawakkil ba wawa ba ne. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana cinikin hatsi ya san cewa abin da ya gagari faɗa, girmamawa tana iya kawo shi. A 2019 ya kira Lado ya ce yana son ya shigo cikin daraktocin kamfani, ya riƙe ɓangaren ma'aikata. Ma'aikata har rago suka yanka, suna cewa namu ya shiga ciki. Lado ma da gaske ya yarda da haka. Kada a ci zalinsa, shekarar farko ya yi abin kirki, ya samo musu safar hannu da takalma, ya sa aka gina wurin alwala. Daga nan sai mota ta zo, sai Makka, sai ofis mai sanyi. A hankali bakin nan mai kaifi ya koyi cewa za a duba. Wani mai suna Naziru ya gaji shugabancin ƙungiya, mutumin kirki, amma kujerar ƙarfe ba ta taɓa zama tasa a idon mutane ba. Dokar ta ce shugaban ƙungiya, su kuwa Lado suke nufi.

A watan takwas na bara wani injiniya ya zo daga Kaduna ya shiga cikin Gwaggo da fitila. Da ya fito ya rubuta takarda shafi biyu. Jikin tukunyar ya cinye, ya yi siriri, ba ta ƙara ɗaukar walda, sai dai a canza ta. A taron daraktoci aka ce sabuwa ba za ta iso ba sai bayan kaka, manoma kuma ba za su jira da shinkafarsu ba. Aka yanke a liƙe inda ta tsage da walda a lallaɓa a wuce kakar. Lado ya yi magana sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman izini. Alhaji Mutawakkil ya dube shi ya yi murmushi ya ce, “Ai shi ya sa muke da kai, Alhaji. Kai suke ji.” Lado ya ɗauki takardar ya sa a aljihun teburinsa ya kulle.

Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa Hajiya Saudatu ta lura yana barin rabin tuwo, ta tambaya, ya ce zafi ne. Ya daina shiga ta babbar ƙofa don kada ya wuce rumfar Hafiza. In ya ji ƙarar tayar mota ta fashe a titi sai gabansa ya faɗi. Tsoro yake ji, kuma kunyar tsoron ta fi tsoron ci masa rai.

Ana saura kwana uku a kunna wuta, Badamasi ya zo gidansa bayan la'asar. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a tabarmar zaure. Suka gaisa, suka tambayi mutanen Kurfi ɗaya bayan ɗaya. Sannan Badamasi ya ce ya buga jikin Gwaggo da sifana bayan an gama walda, kukan da ta yi bai yi masa ba. Ya ce mutane sun zauna sun yi shawara, ba yaji za su yi ba, ba su son rigima da kowa.

“Abu guda muke roƙo, Kwamared. Ka taho ran Asabar ka zamna. In ka zamna, mu kunna. In ba ka zamna ba, ba mu tambayar dalili.”

Ƙofa ce Badamasi ya buɗe masa, babba. Da a ce ya ce ba zai samu zuwa ba, da shi ke nan, kowa ya gane. Amma Lado ya hango fuskar Alhaji Mutawakkil, ya hango motar da ke ƙofar gida, ya hango kansa yana komawa Kurfi ba Darakta ba Kwamared. Ya ce zai zo. Da baƙon ya tafi sai ya lallashi kansa da cewa ai ransa zai sa, ba na wani ba. Zai ce wa Badamasi ya riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan. In Allah ya ƙaddara wani abu, shi ne a gaba. Har ya fara jin kansa jarumi, Allah ya kyauta.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga da farar shadda. Naziru ya goge kujerar da hularsa. Lado ya zauna, gajeriyar ƙafar ta karkata da shi kamar da. Badamasi ya yi bisimilla ya cinna wuta. Gwaggo ta fara gunaguni, allurar agogon da ke nuna ƙarfin tururi ta ɗaga kai. Idon Lado na kan sabon ɗinkin walda, baƙi, mai tsawon hannu, daidai saman kansa.

Abin da bai lissafa ba shi ne murnar mutane. A da, in yana zaune, kowa a waje yake jira. Amma shekara goma sha ɗaya ba abin da ya taɓa samun wannan kujera, har an manta dalilin jiran. Shekara shida kuma ba su gan shi a kanta ba. 'Yan dako suka fara leƙowa, ɗaya ya shigo ya gaishe shi ya tsuguna, wani ya biyo, wasu suka jawo buhuna suka zauna kewaye da shi suna tuna kwanakin yaji. Kafin minti ashirin sun fi mutum talatin a gindin tukunyar. Allura tana hawa. Sai ga Hafiza da faranti a rufe, goye da jikarta. Ta durƙusa ta ajiye masa waina da miyar taushe.

“Sannu da zuwa, Kwamared. Yau hankalina kwance yake, tunda kai ne nan.”

Jaririyar ta miƙa hannu tana son taɓa hularsa. A daidai nan ya ga ɗigon ruwa ya tsatso daga ƙarshen ɗinkin, ya gangara, ya ƙafe kafin ya kai ƙasa. Wani ya biyo. A ƙarƙashin hayaniyar mutane akwai wani siririn sauti, irin na butar shayi in ta kusa tafasa. Ya dubi Badamasi, ya ga shi ma ya karkata kai.

Lado ya miƙe, kujerar ta faɗi. Tsohuwar muryar ta dawo masa ba tare da ya neme ta ba.

“Kowa shi hita. Yanzu. Tukunyag ga ba ta da lahiya, injiniya ya ce a canza ta.”

Ba wanda ya yi gardama, Lado ne ya faɗa. Suka fita suna ture juna. Badamasi kaɗai ya tsaya ya buɗe hanyar tururi, ya ja wutar da dogon ƙarfe, Lado na kwashe ɓuntu da hannu yana watsarwa. Sun fi rabin awa kafin allurar ta kwanta. Gwaggo ba ta fashe ba.

A waje mutane na tsaye cikin rana. Badamasi ya share fuska da gefen riga, ya tambayi Lado a gaban kowa, ba da faɗa ba, tun yaushe ya sani.

“Tun watan takwas,” in ji Lado.

Hafiza ta gyara goyonta. Ta shiga ta ɗauko farantinta, ba a ko buɗe shi ba, ta wuce shi ba ta dube shi ba.

Kafin sati ya zagayo an sauke shi daga darakta, aka karɓi mota. Wannan bai dame shi yadda ya zata ba. Kamfanin ya yi kakar nan a rufe, manoman Makera da Karofi suka kai shinkafarsu wani wuri. Ma'aikata ba su zage shi ba, ba su yi masa komai ba. In sun haɗu a masallaci suna gaishe shi da ladabi, su ce Alhaji ina gajiya. Kwamared ɗin ne ba wanda ya ƙara faɗa.

Wata safiya ya fito ya tarar da kujerar ƙarfe a zaurensa. Maƙwabta sun ce Badamasi ne ya kawo ta a bayan babur, ya ajiye ya juya. Hajiya Saudatu ta ce a ba masu gwangwan, ya ce a bar ta. Tana nan har yanzu, kusa da randa.

Da sabuwar tukunya ta iso a watan biyu, Naziru ya ce shi zai zauna a gindinta kamar yadda doka ta ce. Ma'aikata suka ce ba su buƙatar kowa ya zauna. Takardar injiniya suke so a kawo, a karanta musu ita da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe.