Ɗaki a Hawa na Farko

Cikin ranakun da na yi a kamfaninmu na shirya tafiye-tafiye a Hyattsville ta ƙasar Amurka, akwai wata Alhamis ta watan Yuni da ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Injiniya Kabiru, wani mutumin Greenbelt, shi ya kawo aikin. Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, za ta taso daga Kano zuwa Lyon ta ƙasar Faransa don bikin kammala karatun autarta. An yi mata aiki a gwiwa, da sanda take tafiya. Injiniya kuwa mutumin kirki ne, sai dai ba ya wasa da aljihunsa. Ya ce otal mai araha yake so, a tsohon gari kusa da ɗakin kwanan ɗalibai, kuma lallai ɗakin ya kasance a hawa na farko.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a rubuta buƙata kamar yadda mai ita ya faɗa, a tura wa otal, su tabbatar. Na samo wani ɗan ƙaramin otal na wata tsohuwa, Madam Odile, ta tabbatar, kowa ya ji daɗi.

Ranar tafiyar, Hajiya tana cikin jirgi, abokiyar aikina Mariama, 'yar Damagaram, ta leƙo hoton ɗakin a kwamfutata. Ta tambaye ni yaya aka yi taga take kallon kan mutane. Nan take na gane kuskurenmu. A Amurka hawa na farko shi ne ƙasa. A Faransa, kamar yadda muke cewa a gida, sai ka hau bene. Zaman Amurka ya sa ni da Injiniya duk mun sha'afa. Ginin kuma tsohon gini ne, ba lif, matakalar dutse ce mai murɗewa kamar igiya.

Na buga wa otal ɗin waya, ba a ɗauka ba. Mariama ta ce ai Faransawa ba sa haɗa abincin rana da komai. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na kira otal-otal na kusa, duk sun cika, lokacin baƙi ne. Maigidanmu na ofis ya ce in sanar da Injiniya, Injiniya kuma ya yi ta faɗa daga cikin cunkoson motoci a titin Beltway, kamar ni na gina benen. Tsoro nake ji ƙwarai, don ina hango tsohuwa da sanda a gindin matakala, a garin da ba ta jin yarensa.

Da Madam Odile ta ɗauka, Mariama ta yi mana tafinta. Madam ta ce ɗaki ɗaya ne a ƙasa, kuma nata ne, a ciki take kwana. Sai ta tambaya:

"Matar nan, mece ce a wurinki?"

Na ce, "Uwa ce."

Ban yi ƙarya ba, haka muke kiran sa'ar iyayenmu. Mariama ta fassara yadda na faɗa. Sai Madam ta ce za ta kwashe kayanta ta koma sama.

Bayan Hajiya ta koma Kano ta kira ni. Ta ce, "'Yata, wannan ba otal kuka kai ni ba, masauki ne. Ita ma baiwar Allah mai otal ɗin da sanda take hawa benen."

Tun daga ranar, kafin in tambayi farashin ɗaki, sai na tambayi lafiyar ƙafar mai shigarsa. Ta Madam Odile ce kaɗai ba wanda ya tambaya.