Fom ɗin da na cika a kan ƙanwata

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, muka yi kwas na yadda ake binciken girman hankalin yara. Akwai ɗakin gwaji mai wani gilashi, kai kana ganin na ciki, shi ba ya ganinka. A nan malamarmu ta koya mana kallo. Kullum maganarta ɗaya ce: "Rubuta abin da idonki ya gani, abin da zuciyarki ta raya miki kuma ki bar shi a gida."

Aka ba mu aiki: kowa ya sami uwa da jariri, ya zauna rabin awa da agogo da fom. Uwa ta kalli idon ɗa, ka sa alama. Ta yi masa magana ko ta kira sunansa, ka sa alama. Na ce ai tawa ta yi sauƙi, don ƙanwata ta yi haihuwar fari, ta zo ganin gida Burumburum da yaron yana wata biyar. Na ɗauki fom na tafi, ina jin kaina wata babbar likita.

Na zauna a tsakar gida, Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Rabin awar nan ƙanwata ba ta kalli yaron ba. Ta ba shi nono fuskarta na kallon bango, da ya ƙoshi ta miƙa wa Inna, ta ce, "Karɓi wannan." Fom ya tashi fayau. Na rubuta cewa babu shaƙuwa tsakanin uwa da ɗa. Gaskiya da ɗaci na rubuta, domin ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari. Amma a raina na daɗe da yanke cewa kunyar mafaka ce kawai, son ne babu.

Malama ta karanta, ta cire tabarau. "Wa da wa ke wurin?"

Na ce ni da mahaifiyarmu.

"Kin zaunar da mai ɗan fari gaban uwarta da yayarta, kin riƙe biro kina kallonta. To kunyarta kika auna. Koma."

Na koma. Na roƙi ƙanwata ta yarda in riƙa barin waya tana ɗaukar bidiyo a ɗaki kowane hantsi. Ta ce, "Yaya, ke dai da neman magana." Sai a rana ta huɗu ta manta da wayar.

A ɗakin gwaji muka kalla ni da abokiyar karatuna, kowa da nata fom, don a ga ko alamominmu za su zo ɗaya. A bidiyon, ƙofa na rufuwa ƙanwata ta zama wata daban. Ta haɗa goshinta da na yaron, tana kiran sunansa a hankali, tana yi masa wata 'yar waƙa. Ya yi gwaranci ta dakata, ya yi shiru ta amsa, kamar manya biyu na hira. Gurbin alamar ya ƙare muka koma bayan takarda.

Da na je hutu na nuna wa Inna. Ta saurara, ta ce, "Waƙata ce ta ɗauke."

Na ce, "Ita kika yi wa?"

Ta kau da kai, ta ci gaba da tankaɗe. "Duk yaran na yi wa. Amma a kan wadda ta fara zuwa na ƙago ta."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Har yau in zan yanke wa mutum hukunci sai in tambayi kaina wa ke wurin lokacin da na gan shi. Inna kuwa har gobe "ke" take ce mini, ni kuma da gudu nake amsawa.