Baba Moro, mai sauke tuta

Duk Asabar da Lahadi a lokacin zafi, da zarar ya idar da sallar asuba, Baba Moro yakan fito daga gidansa a titin Grand Concourse, ya hau jirgin ƙasa na layin D, ya sauya zuwa na layin Q, ya sauka a unguwar Sheepshead Bay inda jiragen ruwa suke kwana. Aikinsa a wani ƙaramin jirgi ne mai kai masu nutso cikin teku. Shi yake jera musu tukwanen iskar da suke goyawa, shi yake jefa anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Idan sun faɗa ruwa sai ya ɗaga wata jar tuta mai farin zane a karkace, ya zauna yana kallon kumfar numfashinsu. Ɗan zangon Kumasi ne, ya fi shekara goma sha biyar a kan wannan aiki, kuma bana gwiwa ta ce ya isa haka.

Ni dai har yau ban gama gane wannan harka ba. Ƙanwata Zuhura ce ta jefa ni ciki. Nas ce, tana zaune lafiya a unguwar Parkchester, sai rana ɗaya ta ce ta fara koyon nutso. Na tambaye ta me ta ajiye a ƙarƙashin teku. Ta ce, "Yaya, can ne kaɗai waya ba ta samuna." Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Da na bi ta bakin ruwan sai na tarar ashe rigima ake yi. Akwai masunta masu kamun lobsta, wani ƙaton jatan lande mai hannaye kamar na ƙaguwa, wanda ni ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Suna zura kejin waya a ƙasan teku kusa da tsofaffin jiragen da suka nutse, don nan lobsta yake ɓuya. Nan ɗin kuma masu nutso suke son zuwa. Masunta sun ce masu nutso suna buɗe musu keji su kwashe abin da ke ciki. Masu nutso sun ce igiyoyin masunta suna sarƙe su, kuma ana bi ta kansu da jirgi da gangan. Idan na saurari wannan sai in ga shi ke da gaskiya, idan na koma wurin wancan sai in rasa inda na tsaya.

Jar tutar nan ita ya kamata ta raba gardama. Ma'anarta akwai mutum a ƙasa, kowane jirgi ya yi nesa. To amma wasu masu jiragen nutso sun mayar da ita abin kama wuri. Sukan bar ta a sama wuni guda, ko da kowa ya fito yana cin burodi, don kada wani ya matso. Masunta suka gane haka, wasunsu suka daina ganin girmanta.

Baba Moro bai taɓa yarda da wannan ba. Da mutum na ƙarshe ya dafa tsani ya hau, kafin ya miƙa masa tawul ma, ya riga ya sauke tuta. Kyaftin ɗin jirgin ya sha yi masa faɗa, domin da an sauke sai masunta su matso su ja kejinsu, ruwa ya gurɓace, masu nutso su yi ta ƙorafi. Ni kaina da na fara gani na ɗauka tsabar taurin kai ne irin na tsofaffi.

Wata Lahadi a shekarar 2016, Zuhura ta ba ni labari, kyaftin ma ya tabbatar mini. A jirgin su Baba Moro take ranar, kowa ya fito ban da ita. Ta tsaya ɗan jiran da masu nutso suke yi a ƙarƙashin ruwa kafin su ɓullo, igiyar anka ta kufce mata, ruwa ya ja ta gefe. Sai ga jirgin wani tsohon masunci mai suna Sal ya taho a guje, ransa a ɓace, don ya ɗaga kejinsa da safe ya tarar ba komai. Daga nesa yana ganin mutane cike da jirgin nutso suna cin abinci, alamar an gama. Amma tuta tana sama, kuma ya san wannan ne jirgin da Baba Moro yake ciki. Sai ya kashe inji. Jirginsa bai gama tsayawa ba Zuhura ta ɓullo dab da farfelarsa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ɗaure mini kai. Sal ya miƙa mata sanda ta riƙe, yana jawo ta yana zaginta, wai ta buɗe jakarta ya gani. Ta buɗe, ba komai a ciki sai tocila. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ce masa ta gode ba. Daga baya na same shi a gadar da jiragen suke tsayawa, na gode masa. Ya ce ba don Zuhura ya tsaya ba, kuma har gobe yana ganin duk masu nutso ɓarayi ne. Ya ce, "Da tutar wani ce da na wuce. Mutumin nan idan tutarsa tana sama, akwai mutum a ƙasa."

Na je gidan Baba Moro da goro da turare. Ya karɓa yana dariya. Na ce masa har yanzu ban san wa ke da gaskiya a rigimar nan ba. Ya ce, "Malam, ni ma ban sani ba koraa, ko kaɗan. Lobsta ɗin ma ban ci shi. Amma in na bar fulag sama ba kowa a ƙasa, ranar da ɗan mutum ke ƙasa, wa zai yarda da ni?"

Baba Moro, kai ne ka sha faɗan kyaftin shekara da shekaru a kan ƙyallen da bai kai sallaya girma ba. Kai ne masunta ba su ɗauke ka nasu ba, masu nutso kuma suna ganin kana ɓata musu wasa. Ba ka sasanta su ba, har yau suna hararar juna a bakin ruwa. Amma ƙanwata tana raye, jiya ma ta kira ni tana mini surutu a kan hawan jinina. Na gode maka da zuciya ɗaya. Allah Ya ba gwiwarka lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ga waɗanda za su gaje shi a jiragen nan, da mu da muke wasu ayyukan a tudu, roƙona kaɗan ne. Idan an ba ka tuta ka riƙe, ka sauke ta da zarar kowa ya fito, ko da za a yi maka faɗa. Zuhura ta ce baɗi za ta koma ruwa, kuma ban san wanda zai riƙe mata tutar ba.