Kunnen Baba Haggai a Jikin Saba

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Larabar nan tsoro ya kama ni. Layin da ke nuna tafiyar hoton rajista a allon kwamfuta ya tsaya cak a kashi tara cikin ɗari. Ɗalibai talatin da shida daga Dabai sun cika kafen, wato shagon intanet ɗinmu, tare da malamarsu, Malama Alice, ga shi hukumar jarrabawa za ta rufe rajista ƙarfe huɗu. Wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi.

Kafen na Baba Haggai ne, a Rikoto. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, sashen sadarwa, da rediyo goye a baya. Da ya yi ritaya ya kafa kwandon intanet a kan rufi, maƙwabta suka ce tsoho ya sayo wa matarsa faifan shanya barkono mai tsada. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Takardu yake bugowa daga intanet, ya ɗinke da zare, ya karanta da tabarau mai hannu ɗaya. Yakan ce wanda ya yi golmo, wato noma gonar surukai shekara bakwai don ya auri Mama Margaret, babu kwamfutar da za ta ƙure masa haƙuri.

Ni kuwa Basira, da sabon digirina na kwamfuta, ni na lallashe shi a farkon 2008 muka raba babbar kwamfutar kafen, wadda muke kira saba, ta ɗauki kwamfutoci uku na manhaja a cikinta. Ɗaya tana raba wa kafen intanet, ɗaya tana ajiye hotuna, ɗaya kuma ta gwaje-gwajena. Baba ya sa musu suna baƙi. Da safiyar ranar, don aiki ya yi gudu, na kwashe kusan duk memorin sabar, wato inda take riƙe aikin da ke hannunta, na raba wa baƙin nan. Ban gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka Baba ya shigo yana cin gyaɗa. Bai ko dubi allo ba. Durƙusawa ya yi ya manna kunnensa a jikin sabar, kamar yadda yake yi kowace safiya.

"Injiniya," ya ce, "wa ya sa ta niƙa?"

"Baba, intanet ɗin ne ba kyau."

"Intanet lafiyarsa ƙalau. Zo ki ji."

Na kara kunne. Faifan ajiyar da ke ciki na ta gurnani babu hutu. Nan na faɗi abin da na yi.

Dariya ya yi har gyaɗa ta shaƙe shi. "Ɗiyata, kin ba baƙi tuwon gidan duka, kin bar mai ɗauko musu saƙo da yunwa! A barikinmu rabon mai rediyo ake fara cirewa kafin na kowa."

Gaskiyarsa. Kanel, wato jigon manhajar da ke raba memori, shi ke karɓar duk abin da zai fita ko shiga, ya ajiye, ya miƙa. Da ya rasa wurin ajiya sai ya koma jibga kaya a faifai, saƙonni na zubewa a hanya ana sake aiko su.

"Kashe baƙon gwajin nan naki," ya ce. "Rage wa biyun. Abin da ya dawo ki bar wa kanel, ki faɗaɗa masa ma'ajiyar saƙo." Ya buɗe ɗinkakkun takardunsa yana karanto lambobi, ina bugawa. Sau biyu yatsuna suka kuskure.

Uku saura minti biyar gurnanin ya ɗauke. Layin ya zabura daga tara zuwa ɗari, firinta ta tofo takardar shaida ta farko.

Kafen ya kaure! Malama Alice ta rangaɗa guɗa. Baba ya ƙame ya sara wa sabar, sannan ya shiga faretin soja tsakanin kujeru yana kiran sunaye. Duk takardar da ta fito sai tafi. Ni dariya nake ina hawaye, ina cusa hotuna ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya, sauri! Digirin nan ba na ado ba ne!"

"Baba, ka daina taka min waya!"

Talatin da biyar suka fito. Ta ƙarshe Leah ce, wata doguwar yarinya da ta bar kowa ya wuce gabanta. Huɗu saura minti ɗaya na aika nata. Layin ya cika, sai shafin ya rufe. Takarda ba ta fito ba.

Baba ya dafa kafaɗarta ya ce ya ji da kunnensa saƙon ya fita. Mun rubuta wa hukumar a ranar, na bayyana cewa jinkirin daga gare ni ne. Yau kwana biyar ke nan. Leah kan hawo mashin daga Dabai kowace hantsi, in buɗe akwatin saƙo a gabanta. Amsa ba ta zo ba tukuna.