Robar da na ɗaura wa abokina a bakin rafi

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙuruciya, ni da wani abokina muka tsiri yin doguwar tafiya a kan keke. Sai mu tashi daga Kano mu yi kwana uku ko huɗu muna taka feda, mu kwana a masallaci ko a zauren wani bawan Allah, mu dawo mun yi baƙi ƙirin, waya cike da hotuna. 'Yan unguwa suna ce mana marasa aikin yi, mu kuwa gani muke duk garin ba wayayyu kamarmu.

A wannan karon Daura muka nufa, ta Bici da Kunci, kuma a tsakiyar Agusta, marka ta kankama. Ni na kafe sai a lokacin za mu tafi. Abokina mutum ne mai sanyin hali, in na faɗi magana da ƙarfi sai ya ce to. Ni kuma a wancan zamanin ban iya faɗin magana a hankali ba.

Tun daga Dawanau ruwa ya fara dukanmu. Ledar da muka naɗe kaya da ita ta yage, burodinmu ya koma kunu, birki kuma in ka kama sai ya yi maka kuka kawai ya ƙyale ka. A Bici muka kwana. Washegari da muka wuce garin, wani mai faci ya ce mana akwai yanke ta cikin gonaki da zai rage mana hanya zuwa Kunci. Ya ƙara da cewa akwai rafi a gaba, mu tambayi mutanen wurin kafin mu shiga. Rabin farko na maganar na riƙe, na bar masa sauran.

Muka sauka daga kwalta muka bi burtali. Gero ya fi mu tsawo dama da hagu, ga gyaɗa, ga dawa, ko'ina an nome. Laka ta riƙa cushewa a taya, sai mu tsaya mu sa tsinke mu ƙwaƙule, mu yi gaba kaɗan mu sake tsayawa. Bayan azahar ruwan ya ɗauke, har rana ta leƙo. A haka muka iso bakin rafin.

Ba wani babban rafi ba ne. In ka yi jifa da dutse zai faɗa wancan ƙetaren. Ruwan ja ne, yana tafe da kumfa da karmami. A gindin wata ɗorawa muka tarar da wani dattijo zaune, ga damin ciyawa a gefensa, ga lauje a hannunsa, can gefe kuma wasu magidanta biyu sun jingina fartanyoyinsu. Muka yi sallama, muka gaisa, na tambaye shi zurfin ruwan.

Ya ce, "Yanzu dai iya cinya ne. Amma ku zauna tukuna, samari."

Ya nuna mana wani kara da ya kafa a bakin ruwan. Ya ce haka suke yi: in ruwa yana hawa karan, ba mai shiga, sai ya fara sauka. Na duba, ruwan ya ci rabinsa.

Na ce, "Baba, ai an ɗauke ruwa, ga rana ma."

Ya ɗaga laujen ya nuna gabas, inda sama ta yi baƙi wuluk. "Wannan da kake gani ba ruwan garin nan ba ne, baƙo ne, kuma manyansa suna tafe. Ka ga rufin kwanon can a ƙetare? Gidana ne. Ina hango shi, amma ga ni a zaune."

Jama'a, mai hankali ai ya gama jin magana. Ni kuwa sai na juya na ce wa abokina ƙasa-ƙasa, mutanen ƙauye akwai tsoro, in muka biye musu a nan za mu yi magariba. Abokina bai iya ruwa ba. Ni ma iyawar tawa ba ta wuce ta kududdufin unguwarmu ba, amma na sha gaya masa ni kifi ne.

Ya ce, "To in ruwan ya fizge min keken fa?"

Yana son keken nan kamar me, kullum cikin goge shi yake. Sai dabara ta zo min. Na kwance robar da muke ɗaure kaya a kariya, irin wadda ake yankowa daga tsohon tif ɗin mota, na naɗa a wuyan hannunsa na dama, na ɗaure da kan keken. Ƙulli uku na yi, har ina sa haƙori ina ja. Na ce, "Yanzu ko ruwan Ɗufana ne ba zai raba ku ba." Dattijon yana can yana magana da magidantan, bai ga abin da na yi ba.

Na saɓa kekena a kafaɗa na shiga. Na ji yana kira, "Kai yaro! Kai!" ban waiga ba. Iya cinyar da aka ce, ina zuwa tsakiya ya zama iya ƙugu, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Da ƙyar na fita. Na ajiye keken, na juyo zan yi wa abokina kirari.

Yana tsakiya, yana tura keken a gefensa. Na kai ido wajen karan, babu shi. Sai na ji wani irin ruri daga sama da mu, kamar tirela tana tahowa. Ruwan ya zo da itace da tarkace, ya bugi keken ya kwantar da shi, keken kuma ya ja abokina. Na ga kansa ya nutse, ya fito, ya sake nutsewa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya sa akwai wata bishiya da ta faɗo daga gaɓar da muka baro, saiwoyinta a cikin ruwa. Abokina ya cafki saiwa ɗaya da hannun hagu. Hannun dama kuwa keken yana can ƙasa yana jansa, robar ta miƙe, tana ƙara shaƙe masa hannu. Ruwa yana dukan fuskarsa, in ya buɗe baki zai yi numfashi sai ya sha. Ni kuma ina tsaye a tudu ina ihu, "Kwance robar! Kwance!" Da wane hannun zai kwance? Ni na san irin ƙullin da na yi.

Dattijon nan da na raina shi ne ya taso da gudu. Magidanci ɗaya ya rungumi kututturen bishiyar, na biyu ya kama hannunsa, dattijon ya kama na biyun ya shiga har iya ƙirji, laujen a sama. Ya kai hannu ya kama rigar abokina ya ja, ya ji ba ya tahowa. Na ji ya daka tsawa, "Me ya riƙe shi?" Ya laluba cikin ruwan, ya sa laujen. Sau biyu yana kuskurewa. Ina kallon yatsun abokina suna zamewa daga saiwar ɗaya bayan ɗaya. A na uku robar ta tsinke, keken ya tafi, suka jawo shi gaɓa kamar buhu.

Suka kwantar da shi suna danna masa ciki. Ni ina wannan ƙetaren, ba halin komawa, ruwan ya kai iya wuya. Ina ta tambaya, "Yana numfashi?" rurin ruwa ya hana su ji na. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai da na ga ya juya yana amai, sannan na zube a cikin laka na fashe da kuka, ƙato da ni.

Sai bayan la'asar sakaliya ruwan ya sauka, suka kafa wani karan, suka duba, suka ƙetaro da shi a tsakiyarsu. A zauren dattijon aka hura mana wuta, aka kawo kunu mai zafi. Hannun abokina ya kumbura, robar ta yanka fatar ta zagaye. Dattijon yana shafa masa man kaɗanya, sai ya ce, "Wa ya ɗaure ka da ƙarfe a cikin ruwa?"

Na buɗe baki, amma abokina ya riga ni. "Ni ne, Baba. Tsoro nake kar ya tafi."

Dattijon ya dubi hannun, ya ɗago ya dube ni. "Da hannu ɗaya? To, Allah ya kyauta." Ya ci gaba da shafa man. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Daura dai ba mu je ba. Da safe aka kai mu bakin titi, muka hau mota, aka ɗora kekena a sama. Tun daga ranar, in mutanen wuri suka ce min zauna, zama nake, ko da ina ganin na fi su boko. Kuma na rage ɗaga murya a kan wanda na san ba zai yi min musu ba, don irinsu ne muke kaiwa mu baro.

Abin da har yau yake cina shi ne labarin da ya ba mahaifiyarsa da muka koma. Ce mata ya yi shi ya yi gangancin, ni kuma na tsaya a kansa har aka cece shi. Sau biyu ina cewa zan gaya mata gaskiya, yana cewa, "Bar ta, me zai ƙara mata?" Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni. Duk sallar da na je gaishe ta sai ta laluba ta kama hannuna, ta ce wa jikokinta, "Ku gaishe da babanku, shi ya dawo min da ubanku gida." Ta yi ta sa min albarka, shi yana zaune a gefe yana kallon ƙasa, ni kuma ina cewa amin.